Da Sauƙi

"Yaya jikin?" in ji tafintan, a madadin likitoci ukun da ke gabana.

"Da sauƙi," na ce. Haka ake cewa. Ko babana, ranar da zai rasu a Funtuwa, haka ya ce.

Ya juya musu da Larabci, aka rubuta. Wata shida ke nan da ƙarfe ya faɗo min a kafaɗa a wurin gini a Mesaimeer, nan ƙasar Larabawa. Wannan zaman zai yanke ko a biya ni diyyar nakasa, ko a mayar da ni aiki.

Aka turo takarda da biro. "Yalla, maza sa hannu," in ji tafintan.

"A karanta min tukuna. Haƙƙina ne."

Ya yi tsaki, ya karanta: "Majinyacin ya ce ya warke."

"Haba, ɗan'uwa! Gaishe ni ka yi, na amsa."

"Abin da ka faɗa na faɗa. Sa hannu, khalas, shi ke nan."

Na umarci hannuna na dama ya ɗauki biron. Duk muka zuba masa ido, har babbar likitar ta janye takardar. Hannun kuwa yana nan kan cinyata, inda na ɗora shi da na hagu tun da na zauna.