Idon da ke Yawo a Waya

Bakin bindiga na wuyan saurayin lokacin da ɗan bindigar ya lura da wani ɗigo yana shawagi a fuskar wayar da ya ƙwace. Duk abin da ya buɗe, ɗigon na nan.

"Kai! Idon sojoji ne wanga?"

"Wallahi manhaja ce na haɗa wa Inna, ba ta karatu. In an taɓa ɗigon, sai ya kwaso rubutun da ke ƙarƙashinsa ya karanta da muryata."

Nan bakin hanyar Gwashi ɗan bindigar ya harbe shi. Garin goge jinin da ya fantsama a gilashin, yatsansa ya dangwali ɗigon, wanda ke kan saƙon ƙarshe da saurayin ya rubuta.

Wayar ta yi magana da muryar gawar da ke gabansa: "Inna, na kusa isowa. A aje mani tuwo."