Agogon Inuwar Rumbu

Ita aka ba gurbin digirin digirgir kan cutar mantuwar tsofaffi, cikin ɗalibai goma sha biyu da suka yi shekara guda ana yi musu horon share fage. Wasiƙar ta same ta a Daura, a daminar 2019.

Wani kuskure da ta gano ne ya ɗaga ta. Lokacin horon an tura ta garinsu, Babban Mutum, da takardar gwaji daga ƙasar waje: faɗi kwanan wata, zana agogo. Tsofaffi arba'in ta gwada, talatin suka faɗi.

"'Yar nan, agogona inuwar rumbu ce," in ji wani dattijo mai sayar da awaki. "Tambaye ni abin da na sani."

Sai ta sauya tambayoyin. Magariba raka'a nawa ce? Yaushe kasuwar Mai'adua ke ci? Jero sunayen jikokinka. Mutum huɗu kacal suka faɗi gwajin. Ta huɗun kakarta ce, wadda ta rene ta.

Ranar da wasiƙar ta zo, gun tsohuwar ta fara kai ta.

"Kaka, na samu! Zan zama dakta."

Tsohuwar ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. "Allah ya yi miki albarka. Wadda ta rene ki ta iya reno."

Har yau tsohuwar tana cewa Magariba raka'a uku ce. Sunan jikar ne ba ta kawo ba tukuna.