Lallen Kuluwa

Tun da aka kafa dokar tafin hannu, ba mai shiga asibiti sai na'urar ƙofa ta karanta jininsa ta cikin fata. In ta yi ƙara ɗaya, ka wuce. In biyu, a keɓe ka.

Kwana tara ke nan Malam Tanimu, mijin Kuluwa, yana kwance a ɗakin gilashi. Ƙwayar cutar da ta kama shi, likitan ma sai da ya duba sunanta. Aka ce matar ta zo Laraba a gwada ta, in ba ta ɗauka ba ta shiga ta gan shi.

Ran Laraba Kuluwa ta ɗora hannu. Na'urar ta yi shiru.

Ma'aikaciyar ƙofa ta juya tafin, ta juya ɗayan. Dukansu jajir.

"Yaya, wa ya ce ki yi ƙunshi? Ba ta gani ta cikin lalle."

"Jiya na ƙunsa. Shi yake so."

"To, sai ya goge. Mako uku."

"Likita bai ce zai kai mako uku ba."

Ma'aikaciyar ta kira na bayanta.

Kuluwa ta fita, ta tsuguna a bakin famfo, ta tsinci dutse, ta fara dirza.