Ɗan Farin Dabo

Dabo ya waiwaya gefen damansa, inda yaron yake tsaye yanzun nan, bai gan shi ba.

Shi dama tun daga Kusada bai so wannan fitar ba. Wai wani attajiri ne ya buɗe gidan ajiye tsofaffin motoci da injina a bayan garin Kankia, a je a kashe kwarkwatar ido. Direban babbar mota kamarsa, wanda kullum yake kan hanyar Kano, shi za a kai kallon mota? Amma matarsa Rahamatu ta nace, aka cusa shi a kujerar gaba aka taho. To ga abin da nacin nata ya jawo.

Ya leƙa bayan wani injin niƙa mai bel, babu. Ya zaga layin kekuna da tsofaffin babura, babu. Ya kutsa ɗakin da aka jera garmaho da akwatunan rediyo, ya tarar da 'yan mata suna ta ɗaukar kansu hoto, ko kallonsa ba su yi ba. Gwiwoyinsa sai zugi suke, ya ɗora laifin a kan yawan taka kulocin mota.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne wani mutum mai furfura a gemu da ya manne masa tun daga ƙofa. Da ganinsa ka ga ma'aikacin wurin, irin masu bin baƙo kada ya taɓa kaya. Dabo ya yi dama ya bi shi, ya yi hagu ya bi shi. Har da riƙe masa hannu a kan matakala, don tsabar shisshigi.

"Malam, sakan mani hannu. Yaro nike nema."

"Ai ga ni tare da kai, Baba."

"Kai na ce ina nema? Bai wuce shekara shidda ba, da riga ruwan ɗorawa. Ƙaramin yatsanshi na hagu lanƙwashe yake, ƙofar mota ta datse shi."

Mutumin ya ce a hankali, "Mi sunanshi?"

Dabo ya watsa masa harara. Ɗan fari ne fa. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta sunan nan ba, daga "yaron nan" sai "wannan". Uwar ma haka. Uban Dabo bai taɓa kiran nasa ɗan farin da suna ba, kakansa ma haka. Shi ne yau zai tsaya a bainar jama'a yana ambata wa baƙo? Ya ja tsaki ya yi gaba.

Ya iske Rahamatu zaune a kan benci a gindin dalbejiya, ta tara yaran mutane tana raba musu ƙuli-ƙuli. Yau duk ta yi masa wani iri, ta yanƙwane kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya. Amma ba wannan ne a gabansa ba.

"Ke wace irin uwa ce? Ɗanki ya ɓace kina nan kina rabon ƙuli!"

"Malam, zamna ka huta. Shina nan, ba inda ya tahi."

Ta sa bakin gyale ta share ido. Takaici ya turnuƙe shi. Kuka ta iya, tashi ne ba ta iya ba. Wata yarinya daga cikin yaran ta miƙo masa ruwa, ya ture hannunta ya juya.

A can ƙarshen filin ya hangi wata babbar mota mai bodin katako, an kewaye ta da igiya, an kafa allo wai motar zamanin da ce. Zamanin da! Motar da ko makon jiya ya yi lodin gyaɗa da irinta. Mutanen nan dai ba su da aikin yi.

Sai wani abu ya faɗo masa a rai. Yaron yana da wata ɗabi'a da duka ya kasa raba shi da ita. Da ya ga mota a tsaye, sai ya shige ƙarƙashinta ya kwanta a inuwa, wani lokaci har barci ya kwashe shi. Shi ya sa Dabo ba ya tada mota sai ya durƙusa ya leƙa.

Wani saurayi ya haye gaban motar yana yi wa 'yan kallo bayani. Ya ce bari su ji kukan injin da kunnensu. Bai leƙa ƙasa ba.

"Kai! Dakata!"

Hayaniya ta haɗiye muryar Dabo. Injin ya yi tari, ya sake yi, ya kama. Baƙin hayaƙi ya tashi, jama'a suka hau tafi. Dabo ya yar da sandar da bai san wanda ya danƙa masa ita ba, ya tsallake igiyar, ƙafarsa ta harɗe, ya zube a kan gwiwoyinsa dab da tayar baya. Kunyar uba da ta kaka duk ta fice masa daga kai. Ya buɗe baki iya ƙarfinsa.

"Ashiru! Ashiru!"

Aka kashe injin. Dabo ya leƙa. A ƙarƙashin motar babu komai sai ɗigon baƙin mai a kan yashi.

Wani hannu ya zagayo ƙirjinsa yana ƙoƙarin ɗaga shi, hannun hagu, ƙaramin yatsansa a lanƙwashe. Mai furfurar nan ne, hawaye na bin gemunsa, don yau shekara hamsin da ɗoriya ke nan bai taɓa jin sunansa a wannan bakin ba.

"Na'am, Baba," in ji shi. "Ga ni."