Har Wayar Ta Yi Shiru

Yau zai faɗi gaskiya, ko da shagon zai rufe.

Shekara biyu ke nan idanun mai hoton bakin tashar Ƙaura Namoda suka dushe, bai gaya wa kowa ba. Wayarsa ke gani a madadinsa. In haske ya yi wa fuska yawa ko ya gaza, sai ta yi ta tsuwwa. Yakan ja yatsa a kan gilashin har ta yi shiru, ta ɗan girgiza a tafinsa, sannan ya ɗauka. Hotunan na fita tas. Amma kullum yana tambayar kansa: wanda ya karɓi aikin ido alhali ba ya gani, ba mayaudari ba ne?

Maƙwabciyarsa mai sayar da abinci, 'yar Binuwai, ta zauna a benci, za a yi mata hoton katin coci. Wayar ta fara tsuwwa. Ya ƙi taɓa gilashin.

"Madam, akwai maganar da..."

Ya ji bencin ya gurji ƙasa, tsuwwar ta ragu. Bencin ya sake gurzar ƙasa, tsuwwar ta ɗauke. Wayar ta girgiza, yatsansa kuwa bai motsa ba.

"Ɗauka mana, Malam, miyata na kan wuta."

"Wa ya koya miki haka?"

Ta yi dariya. "Duk layin nan haka muke yi tun bara. Mu matsa har ta yi shiru."

Ya gyara riƙon wayar. Ya ce, "To, ɗago haɓa kaɗan."

Ta ɗago.