Ɗan Kwangilar da Auta Ya Tsana

Silin falo ya rufto ne da hantsi, Inna na zaune a bakin keken ɗinkinta tana laluben kafar allura. Ruɓaɓɓen katako da ƙura suka zubo a kan kujerar da marigayi mijinta ya saba zama. Ta ɗaga kai ta dubi ramin, ta ce gyaran da ta shekara shida tana ɗagawa ya zo da ƙafarsa.

Auta ne ya fara kawo shawara, wannan kaɗai kuwa ya isa ta ƙi ta. Shekararsa talatin da huɗu, yana ɗakin baya, ba aikin fari ba na baƙi. Ya taɓa sayar mata da janareta ya ce ɓarayi ne. Tun daga ranar, in ya ce gabas Inna yamma take nufa, kuma duk layin an san haka.

"Ba ruwanmu da ɗan kwangila, duk macuta ne," in ji shi. "Ni zan nemo magini da kafinta da mai famfo, in tsaya a kansu. Ke dai ki danƙa min aikin."

"In danƙa maka? Gara sauran rufin ya ƙarasa faɗowa a kaina."

Kwana uku bayan nan wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa. Riga fara tas, takalmi na sheƙi, hular kwano sabuwa fil a hammata. Ya ce shi ɗan kwangila ne, a bakin layi ya ji labarin silin.

Ya auna faɗin gidan daga waje. Ya taka daga ƙofa zuwa babban titi yana ƙirga taku. Da Inna ta nuna masa tsagewar bangon kicin da danshin banɗaki, sai ya gyaɗa kai ya ce duk za a yi, idonsa na kan tagar da ke kallon hanya. Ramin silin kuwa kallo ɗaya ya yi masa. Sannan ya tambayi sunan wa ke kan takardun gidan.

"Nawa," ta ce. "Tun maigidana yana raye ya mayar da su sunana."

Ana cikin haka Auta ya shigo kamar an jefo shi.

"Wa ya kira ka? Inna, dubi hannunsa! Wannan ya taɓa ɗaga bulo? Malam, kama hanya tun muna mu biyu."

Mutumin ya rusuna ya ce, "Mama, ki yi shawara, zan dawo jibi." Inna ta ji ladabin nan har cikin ranta. Rabon da a yi mata magana a hankali a gidan har ta manta.

Da la'asar ta kira babbar 'yarta, wadda ke aikin jinya a wani gari. 'Yar ta ce kada a yi gaggawa, a jira ta zo ƙarshen wata, a kira mutum biyu ko uku a gwada, a je a ga gidajen da suka taɓa gyarawa. Inna ta ga gaskiyarta. Ta kwana biyu da niyyar ce wa mutumin ya dakata.

Ranar da ya dawo, Auta ya tare shi a tsakar gida. Ya fizge tef ɗin awon da ke hannunsa ya wurga cikin kwata, ya ci kwalarsa har maɓalli ya tsinke. Maƙwabta suka leƙo ta katanga.

"Muddin ina numfashi ba wanda zai taɓa gidan ubana!" Ya juyo kan uwarsa. "Ke kuma kin tsufa, ba ki san abin da kike yi ba. Ba za ki sa hannu a komai ba, na faɗa miki!"

Inna ta dubi masu leƙe ta katanga. A gaban maƙwabta, a gidan da ta raine shi.

"Shigo ciki," ta ce wa baƙon. "Kawo takardar."

Sharuɗɗansa ba su da yawa. Za a kwashe kaya a bar gidan wata uku, saboda ƙura da haɗarin rufi. Zai tafi da takardun gidan na asali domin neman izinin gini. Sai sa hannu a wuri biyar. Ta nemi tabaranta a kan keke, a aljihu, a ƙarƙashin matashi, tun safe ba ta gan shi ba. Ta nisanta takardar daga fuskarta, rubutun na yawo kamar tururuwa.

Auta ya kai hannu zai warce. Ta buge hannun, ta danne takardar da gwiwar hannu, ta sa hannu wuri biyar ɗin tana kallon tsakiyar idonsa. Direban da ya kawo baƙon a mota ya sa nasa a matsayin shaida.

"Allah ya isa tsakanina da kai!" Auta ya daka wa mutumin tsawa, ya fice, ya buga ƙofa har bango ya amsa.

Inna ta raka baƙon bakin mota tana ba shi haƙuri. Ta dawo ta fara ninke zannuwan gado tana zubawa a buhu, zuciyarta wasai. Yau dai ta nuna wa yaron nan wa ke da gida.

A bayan gidan mai, can ƙarshen layi, motar ta tsaya. Auta ya buɗe ƙofar baya ya shiga.

"Ka kusa shaƙe ni fa," mutumin ya ce yana gyara wuyan riga.

"Da ban yi haka ba, da sai ta jira zuwan Yaya."

Mutumin, wanda dillalin filaye ne ba ɗan kwangila ba, ya yi dariya, ya sake duba sa hannun da ke ƙasan takardar cinikin gidan, sannan ya ɗaga waya ya tambayi mai katafila ko zai samu zuwa rusau ranar Litinin.