Gwiwa Ɗaya a Bakin Teku

Gariba, ka makara. Na san ba ka karanta dogon saƙo, amma ga shi nan dai, tunda a duk bakin tekun nan ba ni da abokin gulma sai kai.

Tun ƙarfe biyu muka iso Wrightsville, mota uku daga Greensboro, duk don a yi wa Hamdia ba-zata. Ita Hamdiar ce a motar gaba tana nuna mana hanya.

Ka san yadda abin ya faro. An kai goro gidansu a Kumasi tun kafin azumi, iyaye sun yi addu'a, an sa rana. Sai ta ce ita fa ba a tambaye ta ba. Ka ce to, ga ni, ina tambaya. Ta ce ba a kicin ba, ba da silifa a ƙafarka ba. A bakin teku take so, da mai hoto, kuma kada ta sani. Daga nan ta zaɓi rana, ta zaɓi zobe, ta mayar da shi sau biyu aka rage, ta je aka yi mata lalle ranar Alhamis don hannun ya fito a hoto.

Sai rigimar gwiwa. Alhaji babanta ya ce namiji ba ya durƙusa wa kowa sai Ubangijinsa. Anti Assibi ta ce ai gwiwa ɗaya ce, ba sujada ba. Sati biyu ana kai ruwa rana kafin a daidaita: ka tsuguna kamar mai gaida suruki, gwiwa ta kusanci ƙasa amma kada ta taɓa. Ni na riƙe maka jaket a fakin ɗin wurin aikinmu kana gwadawa. A karo na uku wandonka ya ɓarke, muka yi ta dariya har mai gadi ya leƙo.

Yau ba abin da aka bari a gida. Anti ta zo da waakye, shinkafa da wake irin ta gida, kula biyu, wai mamaki yana sa yunwa. Ƙawaye shida sun yi anko da leshi ruwan goro, sun ɓuya a bayan tudun yashi, ana hango su tun daga titi. Elnathan mai hoto, wanda ke ɗaukar bukukuwan cocinsu, ya kafa manyan haruffan neman aure a yashi. Sau uku iska tana kayar da su.

Sai kuma batun rana. Hamdia so take rana ta faɗa cikin ruwa a bayanku, kamar yadda ta gani a waya. Elnathan ya yi mata bayani a hankali cewa a wannan gaɓar daga teku rana take fitowa, faɗuwa kuwa sai can bayan gidaje.

"Ei, saa? Da gaske? Kuma ba wanda ya gaya mini?"

Ni ta harara, kamar ni na ajiye tekun a nan.

Ta gwada fuskar mamaki sau huɗu: hannu biyu a baki, lalle a waje, ido a ɗan zare. Elnathan ya ce ta ukun ta fi, ta riƙe ta.

Kai kuwa doka ta ce ka taho kai kaɗai in ka tashi aiki, da furanni a kujerar gefe, don in mun taho tare ai ba ba-zata ba ke nan. Zoben ma ba a yarda a bar maka ba. Anti ta danƙa mini, ta ce kai ko kanka kana iya mantawa a gidan mai. Yana aljihuna. Tun ɗazu nake taɓa shi.

Biyar saura wayata ta yi ƙara. Na zaga bayan mota na ɗauka saboda ƙugin ruwa, na ɗan jima a can. Da na dawo Elnathan ya ce idona ya yi ja. Na ce gishirin iska ne. Ya ce haka yake yi wa baƙi.

Yanzu an tsayar da ita a bakin ruwa, ta ba mu baya. An ce kada ta waiwayo sai ta ji an kira sunanta. Elnathan ya kwanta rub da ciki a yashi, ya ce haske saura minti ashirin. Anti ta taso har inda nake zaune.

"Saeed, ɗana, ina abokin naka? Rubuta masa. Ka ce in hasken nan ya tafi, ni da shi ne."

To, ga shi ina rubuta maka.

Ta yi kyau, Gariba. Duk tsiyar da na yi mata, ta yi kyau. Iska na wasa da gyalenta, ruwa na zuwa har ƙafarta yana komawa kamar mai jin kunyar gaisuwa. Daga nan ina ganin kafaɗunta suna ɗan rawa. Dariya take dannewa. Wannan kam ba ta gwada shi ba.

Ka tuna sanyin shekarar da muka zo, muna cike takardu a ɗakinmu na East Greensboro? Muka kai layin da ake rubuta wanda za a kira in wani abu ya faru. Ba mu da kowa a ƙasar. Ka rubuta sunana, na rubuta naka.

Shi ya sa ni matar asibitin ta kira. Ta ce babbar mota ce ta buge taka, a kan titin I-40, saura kaɗan ka shigo Wilmington nan kusa da mu, kuma ba ka sha wahala ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Taku talatin ne tsakanina da Hamdia, kyamara na jiran fuskarta, sunanta kawai take jira a kira, ni kuma ban faɗa wa kowa ba tukuna.